Wa Zai Tarbi Ɗanmu In Jirgi Ya Sauka?

 Sharhinmu na yau a kan yaranmu ne da ke fita ƙasashen waje karatu da sanin makamar aiki, musamman 'ya'yan karkara irin na Shanono da Bagwai da Tsanyawa, waɗanda suka taso tsakanin gona da makarantar gwamnati har Allah ya kai su ga wannan rabo. Mu Kanawa mun iya rakiya. Ranar tashi filin jirgin saman Malam Aminu Kano cika yake yi maƙil, a yi jawabi, a yi addu'a, a ɗauki hotuna, uwa ta share hawaye, uba ya ja kunne. Mun kuma iya murna ranar da aka dawo da takardar digiri. Abin da ba ma yi wa tanadi shi ne makonnin farko bayan jirgi ya sauka a Delhi ko Alƙahira ko Kampala, lokacin da yaro ke fafutukar ɗakin kwana da layin waya da takardar zama da hanyar da za ta kai shi asibiti ko masana'antar da aka tura shi. Ra'ayina shi ne waɗannan makonni su ke ɗora karatun a kan turba ko su karkatar da shi, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin tura yaro, gwamnati ce ko gidauniya ko mahaifi, bai sauke nauyin ba sai ya tanadar masa mai masauki da guzurin sauka, kamar yadda ya tanadi tikiti da kuɗin makaranta.

Ba baƙon abu ba ne a jihar nan. A 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙasashe daban-daban yin digiri na biyu, aka bi su da wasu rukunan, har da matasan da aka kai Jodan koyon tuƙin jirgin sama. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, rukunin farko ya tashi a watan Oktoban shekarar zuwa Indiya da Uganda. Kyawun irin wannan shiri shi ne sakamakon jarrabawa ake dubawa, don haka ɗan manomi daga Kokiya ko Leni ko Tsaure kan samu kujera ɗaya a jirgi da ɗan babban ma'aikaci daga Nassarawa. To amma da zarar an sauka daidaiton ya ƙare. Ɗan birni galibi ya taɓa riƙe fasfo, yana da katin banki da ke aiki a waje, yana da kawu a Dubai ko yaya a Landan da zai kira in ta ƙure. Ɗan Shanono kuwa iyakar tafiyarsa wataƙila makarantar kwana ta kimiyya a Dawakin Tofa, sai Jami'ar Bayero ko ta Wudil. A duk waɗannan wurare da Hausa ake ciniki a kasuwa, kuma ba a rasa ɗan garinsu da zai ce masa zo ka kwana. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Shanono mutum kimanin 140,000. Delhi da kewayenta sun haura miliyan 30, Alƙahira ta haura miliyan 20.

Bari mu bi shi a hankali mu ga abin da ke jiransa, mu ɗauka Greater Noida aka tura shi, inda jami'ar Sharda take, a gefen Delhi. Ya fito daga filin jirgin Indira Gandhi da jaka biyu, ɗaya rabinta garin kuka ne da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji da kilishi. Layinsa na Najeriya ya daina aiki, sabon layi kuma ba a bayarwa sai da fasfo da biza da adireshi, ga shi bai da adireshi tukuna. Dokar Indiya ta ce baƙon da bizarsa ta wuce kwana 180 ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da shigowa. Rajistar ta intanet ake yi, amma tana bukatar takardar shaida daga makaranta da shaidar wurin zama daga mai gida ko shugaban ɗakunan kwana. In bai samu gado a cikin makaranta ba sai ya bi dillali, dillali ya karɓi la'adarsa, mai gida ya nemi kuɗin ajiya ban da hayar wata, wani mai gidan ma da ya ga baƙar fata sai ya ce ɗakin an kama. In kwana 14 suka shige akwai tara, kuma matsalar takarda kan bi mutum har ranar da zai bar ƙasar. Ga abinci, wanda a ɗakin cin abincin ɗalibai sau da yawa ganye ne da wake da gurasa, sai ya yi tambaya kafin ya san inda ake sayar da naman da aka yanka. In a Disamba ya sauka, ga sanyi da hazon da ya sha bamban da hunturun da ya sani. Duk wannan a makon da aka fara darasi, malami yana Turanci da karin harshen da kunnensa bai saba da shi ba.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba gagarumin abu ba ne ga wanda ya san gari, aikin yini biyu ne. Ga wanda bai sani ba kuwa sai ya ci wata guda, ya haɗa da rabin guzuri. Manoman rani na madatsar Watari sun san cewa dashen tumatir a kwanakin farko yake kamawa ko ya mutu, in bai samu ruwa a lokacin ba, duk takin da za a zuba masa daga baya ba zai mayar da shi daidai da 'yan uwansa ba. Yaron da ya rasa darussan wata na farko yana yawon neman ɗaki haka yake shiga jarrabawar farko da rauni, ya fara shakkar kansa, ya koma kujerar baya. Abin da ya fi damuna shi ne ba za mu ji labari ba. Tarbiyyarmu ta kunya da kara ba ta barin yaro ya gaya wa mahaifin da ya sayar da buhunan masara ko ɗan bijimi don yi masa guzuri cewa kwana uku ke nan shayi da burodi yake ci. In an kira shi, lafiya lau ne, komai Alhamdu lillahi. Da haka ciwon damuwa ke shiga, da haka kuma masu mugun nufi ke samun ƙofa, domin wanda ya fara nuna wa baƙo hanya a garin da bai san kowa ba, shi baƙon zai bi, ko mutumin kirki ne ko dillalin ƙwaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Ma'ana, dala 100 da uba zai aika wa ɗansa ta tashi daga naira 46,000 zuwa naira 150,000, alhali gonar ba ta ƙara faɗi ba. A shekarar ta 2024 aka ga ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila an dakatar da su, wasu aka ce su bar ƙasar, saboda ajiyarsu ta naira ta narke kafin su kammala biya. Masu tallafin gwamnatin tarayya ma ba su tsira ba. Ɗaliban shirinta na BEA da ke Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari sun yi watanni ba alawus, aka rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa 220 a wata, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. A nan gida kuwa, ɗaliban Kano da aka tura Jami'ar Near East da ke arewacin Saifuros sun gama karatu amma takardunsu suka maƙale shekara da shekaru saboda bashin da jami'ar ke bin jiha, sai a 2025 aka biya sama da naira biliyan 2 aka saki takardun mutum 84. Ba na kawo wannan don ɗora wa wata jam'iyya laifi ba. Darasin shi ne karatun likita shekara shida ne ko fiye, wa'adin gwamna shekara huɗu, kasafin kuɗi kuma shekara ɗaya. Matuƙar kuɗin yaro yana jiran sa hannun wanda ke kan kujera a wannan watan, to yaron yana cikin kasada tun ranar da ya sauka. Bizar karatu ta Indiya ba ta ba shi damar yin aikin albashi ya rufa wa kansa asiri ba, a Ingila ma awa 20 a mako ne iyaka lokacin karatu.

Yanzu mu zo kan wanda aka tura don ya koyi aiki da hannunsa, domin shi ne ya fi kowa asara in sauka ta ɓaci. Ɗalibin likita a Masar, bayan shekarun aji, yana da zaman horo a asibiti da suke kira imtiyaz, wanda a sabon tsarin da aka fara a 2018 ya koma shekara biyu bayan biyar na karatu. A Indiya shekara ɗaya ce ta dole, ana zagaya sassan asibiti. Littafi da lacca da Turanci ne, amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibitin Ƙasrul Aini ba Turanci za ta yi ba, ba kuma Larabcin da yaronmu ya koya a Islamiyya ba, Larabcin titin Alƙahira za ta yi, da sauri, cikin ciwo. Majinyacin Noida da Hindi zai faɗi inda ke masa zafi. Aikin likita kuwa daga tambaya yake farawa: yaushe ya fara, ina yake sauka, me kika ci, wane magani kika sha. Ɗalibin da ba zai iya wannan tambayar ba, in ana zagayen duba marasa lafiya da safe a bayan layi yake tsayawa riƙe da littafi, 'yan ƙasa su ɗebi jini, su sa ruwa, su yi ɗinki, su karɓi haihuwa, shi yana leƙe ta kafaɗarsu. Babban likita ba mugunta yake yi ba, majinyata sun yi masa yawa, dole ya miƙa allura ga wanda zai iya lallashin mai ciwo. Haka abin yake ga ɗalibin injiniya a masana'anta, domin leburori da makanikan da suka san sirrin injin ba su ne masu Turanci ba. A ƙarshe za a sa masa hannu a littafin horo, ya dawo da takarda cikakkiya da hannu wanda bai goge ba.

Sakamakon wannan a gida ake ganinsa. Duk likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kula da likitoci, MDCN, kafin a ba shi lasisin fara aikin horo na shekara ɗaya a asibitocinmu, kuma an sha yin zaman da fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su tsallake ba. A kan ɗora laifin a kan raunin wasu jami'o'in waje, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin wani kaso na faɗuwar daga harshe da masauki ya samo asali, daga shekarun da yaro ya yi a asibiti bai taɓa majinyaci yadda ya kamata ba. Ita kanta hukumar ta nuna inda ta sa nauyi a 2022, lokacin da ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet daga Yukiren bayan ɓarkewar yaƙi ba. Asibitin Shanono da ƙananan asibitocin mazaɓu, inda mace mai naƙuda kan iso a bayan babur da tsakar dare, hannun da ya goge suke jira.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, babu al'ummar da ta fi Hausawa sanin ilimin saukar baƙo. Fataken da suka yi ta bin hanyar Gwanja suna kai kanwa da tufafi su dawo da goro ba da ka suke tafiya ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ya san hanya, kuma a kowane gari akwai zango, akwai fatoma da zai sauki baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi rigima. Daga nan aka samu zangon Salaga da na Kumasi da Sabon Zango na Akra. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, wani masani Abner Cohen ya zauna a cikinta ya wallafa littafi a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara kacokan a kan masu gida. Bafatake zai kawo shanu daga Kano ya sayar bashi ga mahautan da bai taɓa gani ba, ya kwanta ya yi barci, domin mai gidansa ne ya lamunce, kuma mutuncin mai gidan shi ne jarinsa. A fagen ilimi ma haka. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kashe dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗalibai da alhazan ƙasarsu su samu wurin sauka, kuma masallacin Azhar ya daɗe da ruwaƙin Barnawa, inda ɗaliban yankinmu ke kwana a kuma ciyar da su. Sarkin da ke gaɓar tafkin Chadi shekara kusan 800 da suka wuce ya gane cewa tura ɗalibi da gina masa masauki aiki ɗaya ne.

Ba sai an gina bene a Delhi ba. Abin da ake bukata mutum ne mai suna da lambar waya, wanda hukumar ba da tallafin karatu ta naɗa kuma take biya, a kowane birnin da aka tara ɗalibanmu. Yana iya zama ɗalibin digiri na uku da ya shekara biyu a garin, ko malami ɗan Najeriya da ke koyarwa a can. A damƙa masa sunayen masu zuwa tun kafin su tashi, ya kama ɗakuna, ya tarbe su a filin jirgi, ya zauna da su har rajistar zama ta fita, ya raka kowa sashensa ya gabatar da shi ga wanda zai horar da shi, sannan ya aiko da rahoto bayan wata uku: wane ne ya zauna daidai, wane ne ke rama, wane ne ya daina zuwa aji. Alawus ɗin wata ukun farko a ba yaro a hannu da kuɗin ƙasar da za shi kafin ya hau jirgi. Kuɗin karatun gaba ɗaya kuma a ware shi da dala a asusu na musamman ranar da aka ba da gurbin, yadda sauyin gwamnati ko faɗuwar naira ba za su taɓa shi ba. Harshe kuwa a fara shi tun daga Kano. Watannin da ake ɓatawa ana jiran biza da katin rigakafi sun isa a koya wa mai zuwa Masar Larabcin kasuwa da na asibiti, kuma garin nan cike yake da waɗanda suka yi karatu a Alƙahira da Khartum da za su iya koyarwa. A Fagge da Kantin Kwari ba a rasa 'yan kasuwar da suka san Indiya ciki da bai.

Na san za a ce, ai wahala ita ce makaranta, waɗanda suka tafi Ingila a shekarun 1950 da 1960 wa ya riƙe musu hannu? Wannan magana iyayenmu ne ke yin ta, kuma ba raini a cikinta, so suke yaro ya zama namiji. Amma a duba da kyau, na farkon nan an riƙe musu hannu. Gwamnatin Jihar Arewa tana da ofishinta a Landan, akwai jami'an kula da ɗalibai, hukumar British Council tana tarbar masu zuwa daga ƙasashen rainon Ingila ta sama musu masauki. Ban da haka, wahala iri biyu ce. Akwai wadda ke ƙara wa mutum sani: tashin asuba cikin sanyi, tsayuwar dare a ɗakin tiyata, kwana kan littafi, cin abincin da ba ka so, kewar gida. Wannan ba wanda zai ɗauke masa ita, bai ma kamata a ɗauke ba. Akwai kuma wadda ba ta koyar da komai sai asara, kamar dillali ya cinye maka kuɗin wata biyu, ko ka biya tarar dokar da ba wanda ya gaya maka tana nan. Ɗan Shanono ba ragon yaro ba ne. Wanda ya yi huɗa da noman farko da maimai a ƙarƙashin rana, ya taka ƙafa zuwa makaranta, ya ci jarrabawa da fitilar waya, ba juriya ce ta gaza masa ba. Sanin gari ne ba shi da shi, shi kuwa sanin gari ba a haƙuri ake samunsa ba, wani ne ke nuna maka.

Wasu kuma za su ce ai ƙungiyoyin ɗalibai suna yin wannan aikin tuntuni, me ya sa za a kashe kuɗi? Gaskiya ne suna yi, kuma sun cancanci yabo. A kusan kowane birni akwai ƙungiyar ɗaliban Najeriya, wani wurin har ta 'yan Kano, da zauren WhatsApp da ake tambayar ɗaki da farashin kaya. Da yawa daga yaranmu a ɗakin wani ɗalibi suka yi kwanan farko, a tukunyarsa suka ci tuwon farko. Sai dai aikin sa kai ne, ya dogara ga sa'a. In shugaban bana mai himma ne an dace, in yana fama da jarrabawarsa ko shi ma alawus ɗinsa bai zo ba, shi ke nan. Ba shi da wata takarda da zai nuna wa 'yan sanda ko shugaban jami'a, kuma in ya yi sakaci ba wanda zai tuhume shi. Mun ga iyakar wannan tsari ranar da wuta ta tashi. A Maris na 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida bisa jita-jita, har jakadun Afirka a Delhi suka fitar da sanarwar Allah wadai. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗalibanmu, akasarinsu 'yan Arewa, suka maƙale, aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki a fili, jirgin farko bai sauka Abuja ba sai farkon watan Mayu. Tambayar farko da ta tsaya wa kowa a wuya a lokacin ita ce su nawa ne, suna ina, wa ke da sunayensu. Arewacin Saifuros kuwa, da yake Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, har hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NIDCOM, ta gargaɗi iyaye a 2020 kan tura yara. Wurin da ba jakada, in ba mai masauki na hukuma, wa yaro zai kira?

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci. Ana cewa in aka haɗa yaranmu wuri ɗaya ƙarƙashin ɗan uwansu, zango za su kafa, su yi ta Hausa da dafa shinkafa da wake, su shekara huɗu ba su yi abokin ɗan ƙasa ko ɗaya ba, su dawo kamar ba su je ba. Wannan yana faruwa, kuma asara ce, domin rabin amfanin fita shi ne ganin yadda wasu ke tafiyar da asibiti da masana'anta da titi. Amma in aka lura, waɗanda suka fi ƙulle kansu a ɗaki su ne waɗanda garin ya fara cizo. Wanda aka cuta a makon farko, ko aka yi masa ihu a mota bai san me aka ce ba, shi ne ke yanke cewa mutanen nan ba na shiga ba ne. Fatoman da can ba ɓoye bafatake yake yi ba, kasuwa yake kai shi, don cinikin da ya kawo shi a can yake. Haka ya kamata a auna mai masaukin yau: ya hau jirgin ƙasa na cikin gari da su har su iya da kansu, ya sa a haɗa su ɗaki da ɗaliban wasu ƙasashe bayan zangon karatu na farko, ya tura su ajin harshe, sannan ya ja baya. In bayan wata shida har yanzu shi ke yi musu cinikin albasa, to bai yi aikinsa ba.

Sai masu cewa duk wannan ƙarin kuɗi ne, gara ma a daina turawa a gyara jami'o'in gida. Gyaran jami'o'in gida wajibi ne, kuma akwai darussan da ba dalilin fita nemansu, ana koyar da su a Bayero da Zariya. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma muddin ana turawa, kuma iyaye da kansu suna ci gaba da turawa ko gwamnati ta daina, to lissafin a bayyane yake. Albashin mai masauki ɗaya da ajin harshe na wata uku ba su kai kuɗin makarantar ɗalibi ɗaya ko biyu ba, alhali suna kare jarin da aka zuba a kan mutum ɗari. In kuɗin bai isa ba, na fi son a tura 800 da cikakken tanadi a kan a tura 1,000 a bar su su yi ta kansu, duk da na san babban adadi ya fi daɗin faɗa a taron siyasa, kuma na san waɗanda za a rage ɗin 'ya'yan wasu ne.

Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani, kuma a nan ne karkara ta fi cutuwa. Mahaifi a Faruruwa ko Alajawa da 'yarsa ta fita da sakamako mai kyau ba ƙin ilimi ne ke sa ya ce a'a ba. Tambayarsa ɗaya ce, a hannun wa za ta zauna? Tambaya ce ta hankali, kuma har yau shirye-shiryenmu ba su da amsar da za su ba shi sai a ce ya yi addu'a. Da za a ce masa ga Hajiya wance, malama ce a can, ga lambarta, ita za ta tarbe su, ga hoton ginin da za su zauna, ga ranar da za ta kira ka, da an samu ƙarin likitoci mata da ungozomomi daga ƙauyukan da matansu ke ƙin zuwa asibiti don ba mace a ciki. Kafin gwamnatin jiha ta motsa, ƙaramar hukuma tana da abin yi wanda bai fi ƙarfinta ba. Sashen ilimi na Shanono zai iya buɗe rajistar duk ɗan yankin da ke karatu a waje, da garin da yake da lambarsa da ta waliyyinsa, ya kuma gayyato waɗanda suka dawo su zauna da masu shirin tafiya da iyayensu a ɗakin taro na sakatariya, ko da yini ɗaya ne, su yi musu bayanin haya da rajista da canjin kuɗi da irin rigar sanyin da za su saya. Iyaye kuma, ku da ke saurarenmu, kafin ku sa hannu a takardar amincewa ku nemi a rubuta muku sunan wanda zai tsaya a bakin ƙofar filin jirgi da lambar wayarsa, ku kira shi ku ji muryarsa tun yaro yana gida.